Azurfar Korau da Ta Yi Baƙi a Hanya

Ku gyara zama ku ba ni hankalinku, domin maganar da zan kawo muku ba ta son a katse ta a tsakiya. Na kai ta gaban mutane da dama, kowane zama kuwa da gardama ake tashi, har abin ya fara isata. Roƙona ɗaya ne: kada wanda ya yanke hukunci kafin ya ji ƙarshe.

A wani gari na Arewa akwai wani maƙerin fari, wato mai ƙirar azurfa, sunansa Korau. Maƙerarsa tana ƙarshen unguwar maƙera, katanga ɗaya ce ta raba ta da unguwar majema, inda ake jeme fatu. Korau yana da wani guntun ƙarfe wanda bai kai tsawon yatsa ba, shi ne tambarin gidan. Duk abin da aka ƙera a wurin ba ya fita sai an buga masa shi, kuma mai riƙe da shi ne kaɗai yake da ikon cewa wannan aiki ya isa ya fita da sunan gida, wancan kuwa a mayar da shi wuta. Daga kakansa ya zo hannun ubansa, daga ubansa ya zo hannunsa. Ba a raba shi, ba a kuma ƙera na biyu.

'Ya'yan Korau uku ne. Babban shi ne Shekarau, wanda ya tashi a bakin zugazugi, mutum mai taka-tsantsan har yakan gunduri mutane. Mai bi masa mace ce, Tasalla, tana aure a Legas, tana kuma sayar da abinci a bakin wata tashar manyan motoci. Autan shi ne Mati, wanda bai cika zaman maƙera ba, amma shi yake kai kaya kasuwanni, ya san hanya ya san direbobi.

A shekarar da idon Korau ya fara rauni, wani kamfanin turare a Legas ya ba shi aikin da bai taɓa samun irinsa ba: murafen kwalabe na azurfa, sirara, kowanne da zanen ganye mai laushi a kansa, waɗanda za a ɗora wa kwalaben da za a tura ƙetare ta jirgin ruwa. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne, murafen su iso fari tas. In aka buɗe akwati aka tarar da baƙi, za a dawo da kayan gaba ɗaya, a kai aikin wani gari, sunan gidan kuma ya zube. Korau ya tara 'ya'yansa ya ce wannan shi ne aikinsa na ƙarshe, in kayan suka shiga lafiya zai miƙa tambari ga wanda ya fi tsare mutuncin gidan a cikinsu.

Dole in tsaya in bayyana muku halin azurfa, don kada labarin ya ruɗe ku. Ba ta tsatsa, amma tana jin wari fiye da hancin mutum. Laima tana ɓata ta, gumin hannu yana ɓata ta, wasu irin warin kuma nan da nan sukan mayar da ita baƙa. Baƙin da bai daɗe ba a saman fuskarta yake, ana iya fitar da shi. Wanda ya daɗe kuwa yakan zauna a cikin zane, sai an goge da ƙarfi, gogewar kuma a kan siririn murfi takan tafi da zanen da tambarin tare.

An gama aikin ke nan damina ta sauka, sai kamfani ya aiko cewa ba su shirya karɓa ba, a ajiye musu har ruwa ya ja baya. Al'adar gidan Korau ita ce, duk azurfar da aka gama a jakar jar fata ake sa ta don girmamawa, wani amininsa majemi ne yake ɗinko masa jakunkunan. Haka aka yi wa murafen. Ana nan, Shekarau ya buɗe jakar farko ya ga sun fara ɗaukar launin ruwan shayi. Ya kai wa ubansa ya ce fatar ce. Korau ya ce, "Kakana a fata ya sa, ubana a fata ya sa. Kai ne ka zo da hancin da ya fi nasu?" Shekarau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, nasu kwana kaɗan yake yi ya tafi hannun mai shi. Wannan damina zai yi." Korau ya hana, Shekarau kuwa bai saurara ba. Ya zazzage jakunkunan duka, ya wanke farin yadin alawayyo har sitacinsa ya fita, ya naɗe murafen ƙulli-ƙulli, ya jera su a akwatunan ƙarfe tare da gawayi da alli don su shanye wari da laima. Ya kwashe akwatunan daga ɗakin da ke jingine da katangar majema ya hau da su soro. Ya hana kowa taɓa su da hannu tsirara. Uban ya daina amsa gaisuwarsa, majemin ya daina zuwa hira, gonar Shekarau ta cika da ciyawa saboda yana soro yana sauya gawayi, matarsa tana faɗa wa maƙwabta cewa ya fi sanin lafiyar akwatuna a kan ta 'ya'yansa. Da damina ta ja baya aka buɗe, murafen suna nan fari kamar ranar da suka fito daga wuta. Ba don shi ba, da baƙi ya riga ya zauna a cikin zane, babu mai iya cetonsu.

Sai dai a ranar ɗauri, saboda tsoron kada iska ta shiga, Shekarau ya ɗaure kowane ƙulli da robar cikin taya, irin wadda garin nan kowa yake ɗaure komai da ita, daga kayan keke har bututun da ke yoyo. Bai ma tsaya a zagaye ɗaya ba, ya ninka, ya ja da ƙarfi. Ku riƙe wannan a ranku.

Mati ne ya ɗauki kayan. A tasha, ɗan kamasho ya nuna masa wata gingimari ta albasa da za ta tashi nan take, ya ƙi ta, domin yayansa ya gargaɗe shi a kan wari har kunnensa ya gaji. Ya jira ya sami wuri a motar masara, ya zauna a kan akwatunan da kansa. Suna tsakiyar hanya sai suka tarar ruwan ƙarshen damina ya cinye titi a bakin wani rafi. Motoci sun yi layi iyakar ganin ido, direbobi sun sauke tukwane suna girki, alamar ba su sa ran tashi kusa ba. Jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Mati bai iya iyo ba, amma ya nemi mai kwalekwale, ya riƙa ɗora akwatunan a ka ɗaya bayan ɗaya, yana shiga ruwa har ƙirji kafin ya kai inda kwalekwalen zai iya tsayawa. Wani ƙarfe a ƙarƙashin ruwa ya tsaga masa tafin ƙafa, bai saki akwatin da ke kansa ba. Ko ɗigo bai taɓa kayan ba. Ba don shi ba, da suna nan a motar masara har jirgi ya tashi, da wahalar damina duka ta tafi a banza.

Sai dai da ya haye, mota ɗaya ce tak mai zuwa Legas a wancan gefen, kuma ita ce gingimarin albasar nan da ya ƙi. Ta riga ta wuce kafin ruwa ya yanke hanya, ta lalace a can, sai a ranar aka gama gyaranta, albasar har ta fara ruɓa. Direban ya gane shi, ya yi dariya ya ce, "Mai akwati, hancin naka ya warke ne?" Mati ya daɗe a tsaye. Daga baya ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akwatunan, ya hau. Wannan ma ku riƙe shi.

Ya isa Legas yana ɗingishi, ya tarar kamfani ya rufe don hutun ƙarshen mako, sai ya wuce wurin yayarsa. Ɗaki ɗaya ne kawai Tasalla take da shi mai kwaɗo, wato inda take ajiye kayan girkinta, da kiret-kiret na ƙwai har da fasassu, ga hayaƙin murhu yana shiga ta taga. Ta san ƙwai yana baƙanta azurfa, gama zobenta yakan yi baƙi duk ranar da ta fasa ƙwai da yawa, amma ta ce ɓarawon tasha ya fi ƙwai haɗari, ta tura akwatunan ciki ta kulle. Wannan shi ne na uku da za ku riƙe.

Ana gobe za a kai kaya, tun da safe ta ce sai an buɗe ta gani. Mati ya ce Yaya Shekarau ya hana a buɗe sai a gaban mutanen kamfani. Ta ce, "Yaya yana can, ni nake nan. Miƙo mini mabuɗi." Da aka kwance ƙullin farko, sai ga murafe wasu rawaya, wasu shuɗi-shuɗi, wasu da baƙin layi ya ratsa su. Mati ya zauna a ƙasa. Can ya zabura ya ɗebo toka da soson ƙarfe zai fara gogewa, ta riƙe hannunsa, domin da ya goge da zanen ya tafi. Ta tuna cewa zoben nan nata yakan koma fari da kansa idan tana wanke tukunyar alminiyam da ruwan kanwa mai zafi. Ta sauke tuwon da ta ɗora, ta sallami direbobin da suka yi layi da kwanoni suna ta mita, ta cika babbar tukunyarta ta alminiyam da ruwa, ta zuba kanwa, ta ɗora a wuta, ta jefa murfi ɗaya don gwaji. Wani ɗoyi ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, murfin ya fito fari, zanensa da tambarinsa suna nan lafiya. Haka ta yini tana tsomawa kaɗan-kaɗan, tana ɗauraye su, tana shanya su a rana har su bushe sarai. Kanwa ta saluɓe mata fatar yatsu, tukunyar da ta fi so ta ƙone da baƙi ba ta ƙara moruwa ba. Ta naɗe su a sabon alawayyo da sabon gawayi, ta ɗaure da zare. Mai duba kaya a kamfani ya buɗe akwati bayan akwati, ya karɓe su duka. Ba don ita ba, da baƙin aka gani, ko kuwa murafe marasa zane.

To, a nan ne abin ya fara ba ni haushi. Da suka taru a gaban ubansu, maimakon godiya sai kowa ya zo da ƙara. Shekarau ya ce shi fari ya ba da su, albasa da ƙwai ne suka ɓata masa aiki. Mati ya ce shi ya ga baƙin da idonsa, layi-layi yake, daidai inda roba ta bi, sannan ya tuɓe takalmi ya nuna tabon ƙafarsa, kamar yadda yake yi a kowane zama har yau. Tasalla ta ce akwatunan a rufe suka kwana a ɗakinta, don haka a tambayi mai roba da mai albasa. Shekarau ya ce ita ba ta taɓa riƙe guduma ba, kuma a Legas take. Ta ce tambari ba ƙarfin hannu yake so ba, ido yake so, kuma a cikinsu ita kaɗai ce ta ce a buɗe a duba. Mati ya ce ido da hannu duka ba sa ƙetare rafi. Gaskiyar magana ita ce roba tana baƙanta azurfa, albasa tana yi, ƙwai ma yana yi, kuma babu mahalukin da zai iya cewa ga wanda ya fara.

Korau ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ni dai Allah ya ba ni uku, kowanne da rabin hankali. Ɗaya ya tsare ya shaƙe, ɗaya ya ceto ya jiƙa da wari, ɗaya ta ɓata ta gyara." Tasalla ta kawar da kai ta ce a hankali, "Baba, ai ba a yi maganar jar fata ba tukuna." Ya tashi ya shige ɗaki, zaman ya watse.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Kamfanin ya ji daɗin aikin, ya aiko da wanda ya fi na farko yawa, an kuma gama ƙera shi. Murafen suna soro a jere, ko ɗaya ba a buga wa tambari ba, domin idon Korau ba ya ganin inda zai ɗora shi, kuma ya rantse ba zai miƙa shi ba sai an nuna masa wanda ya dace. Tambarin yana aljihunsa a cikin 'yar jakar jar fata, shi kaɗai ne abin da aka bar masa ya sa a ciki. Kayan ba za su fita babu tambari ba, kamfani ba zai jira har abada ba, ga shi kuma hadari ya fara haɗowa a gabas, azurfa kuwa ba ruwanta da gardamar gida.

To, jama'a, na kawo muku ita yadda take, ban rage wa kowa ba, ban ƙara wa kowa ba. Tsakanin Shekarau da ya tsare ta a damina ya ɗaure ta da roba, da Mati da ya ƙetare ruwa da ita ya hau motar albasa, da Tasalla da ta kwantar da ita kusa da ƙwai ta kuma fitar da baƙinta, wane ne ya cancanci Korau ya zaro tambarin nan ya sa a tafin hannunsa?