Kang Engkos da Adaftar Kwamfuta

A wata unguwa a birnin Bandung na ƙasar Indonesiya an yi wani tela mai suna Kang Engkos. Mutumin kirki ne, amma Allah Ya zuba masa gaggawa da taurin kai. Idan ka fara yi masa bayani, kafin ka kai rabi ya ce ya gane, alhali ko kusa bai gane ba.

Da bikin 'yancin kai na watan Agusta ya matso, kowane lungu ya shiga ƙawata ƙofarsa. Engkos ya ci alwashin tasu za ta fi ta kowa: zai kafa 'yar tsanar katako mai ɗaga hannu tana sara wa tuta. Wadda ya sa wa ido kuwa ita ce ta marigayi babansu, mai wasan 'yan tsanar katako da ake kira golek, wadda ya sassaƙa da hannunsa. Ita kaɗai ta rage, tana naɗe cikin zane a ɗakin mahaifiyarsu, Emak. Kwana uku yana magiya kafin tsohuwar ta ba shi.

"Yadda ka ɗauke ta, haka za ka dawo min da ita," in ji Emak.

Ƙanwarsa Lilis, mai gyaran waya a kasuwa, ita ta samo masa ɗan injin da ake kira servo, wanda bai wuce kwalin ashana ba. Ta ɗaura shi a kafaɗar 'yar tsanar ta haɗa wayoyin, sannan ta ja masa kunne, tana kiransa Akang, wato Yaya a yarensu.

"Akang, volt biyar yake ci, in ya yi yawa shida. Gobe zan kawo adaftar da ta dace, in auna ta da mita, mu fara gwada shi ba a jikin hannun ba. Don Allah kar ka taɓa."

"Na gane, ƙanwata, na gane. Ni za ki koya wa wuta? Tun kina rarrafe nake gyara keken ɗinki."

"Keken naka ai na ƙafa ne, Akang."

Ta tafi shago. Ko awa ɗaya ba a yi ba maƙwabta suka taru suna cin soyayyar ayaba, suna tsokanarsa wai 'yan lungun gaba tuni tasu ta fara motsi. Nan fa hankalin Engkos ya tashi. Ya birkice akwati ya zaro adaftar tsohuwar kwamfuta. A bayanta an rubuta volt goma sha tara, ɓaro-ɓaro, amma ina! Mutumin ko juya ta bai yi ba. Ya gwada bakinta, ya shige daidai.

"Kun gani? Tun da ta shiga ai tata ce. Wuta dai wuta ce."

Ya soka a bango. Hannun ya yi sama da ƙarfi ya wuce kai, sai ji aka yi ƙaras! Kafaɗar ta tsage, hannun ya faɗo ƙasa. Injin ya yi ƙara, hayaƙi mai warin roba ya tashi, rigar da Emak ta ɗinka wa 'yar tsanar shekara arba'in da suka wuce ta ƙone a baya. Kafin ya fizge wayar aikin gama ya gama.

Lilis ta dawo da yamma ta juya adaftar ta kai masa ita dab da hanci.

"Karanta min! Lamba biyu ce kacal, Akang! Kwana ɗaya na ce ka jira, ɗaya tak!"

Emak ta fito, ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta durƙusa ta ɗauki hannun, ta share shi da gefen mayafinta.

"Babanku wata biyu ya yi yana sassaƙa yatsun nan," ta ce, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Darasin shi ne, shigar bakin adafta ba ita ce dacewarta ba. Kafin ka ba ƙaramin inji wutar bango, karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar, ka auna, ka gwada shi shi kaɗai. Kuma idan wanda ya san aikin ya ce ka jira, to ka jira, ko da kai ka goya shi yana yaro. Inji ana sayen wani a kasuwa, amma hannun da baba ya sassaƙa babu mai sayar maka.