Kwalin Da Ke Ƙarƙashin Kafireta

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da motocin kaya ke shan fetur, wani bawan Allah bakanike, ana ce masa Tunau. Ku saurara, ku masu riƙe da sifana, don da ku nake.

Wata rana Alhaji Mijinyawa, wanda duk motocinsa a hannun Tunau suke, ya aiko da motarsa ta ɗaukar albasa, tana shan mai fiye da ƙima. Tunau ya kwance kafireta, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya wanke, ya busa ƙananan ramukanta da baki, ya zo ɗaurawa sai ya ga takardar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinta don kada iska ta kutsa ta yage. Babu sabuwa a kusa. Ya jawo kwalin sukari ya yanka daidai wurin, kamar yadda kuke yi har gobe. Kada wani ya sunkuyar da kai, ina ganinku. Ya tayar, mota ta ɗauka lafiya lau.

Direban, wani mai iyali ana kiransa Cindo, ya kama hanya. Da inji ya yi zafi, yana ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. A tura, ta tashi, a kai gaba, ta mutu. Haka albasa ta isa kasuwa bayan kasuwa ta watse.

Da aka dawo da motar garejin Tunau, Alhaji bai tambayi kowa ba. Ya tsaya tsakiyar gareji ya ce, "Kai Cindo, ka sayar mini da fetur ka cika tanki da kananzir, ko? Motar da ta fito daga hannun Tunau? Kawo makulli."

Cindo ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa ba."

"Kowane ɓarawo da wallahi yake farawa. Tunau, zubar da man nan ka wanke tanki."

Cindo ya koma gindin bango ya zauna. Ba wanda ya kalle shi.

Tunau ya zuƙi man da tiyo, ya ɗanɗana, ya tofar. Fetur ne tsantsa. Ya duba fulogi, lafiya. Ya bar inji ya yi zafi, ya kara kunne, sai ya ji wata 'yar ƙara siririya kamar ana tsotsar haƙori. Ya ɗiga fetur a gindin kafireta, kukan inji ya ɗaga, ya sauka. Iska ce ke shiga ta nan. Ya kwance. Kwalin nan ya sha mai, ya yi laushi, ya tsage.

To, ku saurara nan. Ba wanda ya gani. In ya jefa kwalin a kwata, ya sa sabuwar takarda, ya ce ya wanke tanki, mota za ta tashi garau. Alhaji ya yaba masa. Cindo kuwa ya zama ɓarawon mai har kabarinsa, ba mai sake ba shi ko amalanke. Tunau ya daɗe riƙe da kwalin nan a tafin hannu.

Sai ya taka har rumfar da Alhaji ke zaune da mutane, ya ajiye shi a gabansa.

"Mene ne wannan ƙazantar?"

"Ranka ya daɗe, kananzir ɗinka ke nan. Ni na sa shi. Man Cindo ba abin da ya same shi."

Wani ya yi dariya ya ce, "Ashe sukari motar ke sha!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya jefa wa Cindo makulli ba tare da ya ce yi haƙuri ba, don irinsu ba sa cewa. Ya kwashe motocinsa kaf ya kai wani gareji. Tunau ya koma gyaran injin ban-ruwa da na niƙa, ana ce masa Mai Kwali har ya mutu, yana kuma amsawa. Kada ku jira in ce ya yi arziki daga baya. Bai yi ba. Cindo dai ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa, kuma ba a taɓa nuna su an ce ga 'ya'yan ɓarawo ba.

Darasin a fili yake: kuskure ba ya sa mutum ya zama mugu, amma barin wani ya ɗauki laifinka yana sawa. Duk wanda ya yi shiru aka zagi wani a madadinsa, zai amsa a gaban Allah.

A cikinku nan akwai wanda ya kwance injin markaɗena ya ɗaure shi a karkace, ya bari na tsine wa jikata a kan ita ta ƙona shi. Yarinyar nan har yau ba ta haɗa ido da ni. Ba gyara nake nema ba. Ya zo ƙofar gidana da rana tsaka, ya faɗi gaskiya a gabanta.