Lasin Jabu a Hanyar Dutsin-Ma

Ya 'yan uwa, ku matso, ku ba ni kunnuwanku!

An yi wani mutum a Kurfi, ana gab da samun mulkin kai. Ba zan kama sunansa ba, jikokinsa suna nan da rai. Falken gyaɗa ne, Allah ya buɗa masa. In jakunansa suka jeru a hanyar Dutsin-Ma, sai ka rantse ayari ne. Amma duk ran da motar wani ta wuce shi yana bin jaki da sanda, sai ya wuni zuciyarsa tana tafasa.

Wata kaka gyaɗa ta yi kyau, ya tafi birni da ƙanensa Manu, ya sayi tsohuwar akori-kura, irin motar nan mai bodin katako.

To, doka ta ce ba a ɗaukar mutane a mota sai ma'aikacin hukuma ya duba lafiyarta ya ba da takarda, direba kuma sai an gwada shi an ba shi lasin. Ma'aikaci ya hau, ya taka birki, ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce, "Maigida, birkin nan ya gaji. A gyara a dawo." Aka gwada Manu, wanda bai daɗe da fara koyon tuƙi ba, ya je ya tunkuyi gangar da aka ajiye a filin gwaji. Aka ce shi ma da saura.

Kayan gyara sai an aika Kano. Kafin su iso kuwa, kakar gyaɗa za ta wuce. Mutumin nan ya fito yana huci, sai ga wani dillali mai zaƙin baki ya tare shi a gindin bishiya, ya ce, "Me ya yi zafi? Takarda ai hannu ke rubuta ta." Mutumin nan ya cika wa dillali aljihu. Kafin la'asar ga takardu biyu na jabu, har da hatimi!

Manu ya ce, "Yaya, ni fa tsoro nake ji."

Ya daka masa tsawa: "Rufe min baki! Kai da lasin a aljihu kana maganar tsoro?"

Suka lallaɓo da motar gida ba kaya, a hankali, lafiya lau. Sai ya ce a ransa, ka gani! Ashe ma'aikacin nan mugunta kawai ya yi.

Kai jama'a, ku zo ku ga Kurfi ran da motar ta shigo! Mata suna guɗa ta kan katanga, makaɗa sun taru, tsofaffi suna shafa ƙarfenta suna sa albarka. Mutumin nan ya hau bisa ya ɗaga hannu: "Ran kasuwar Dutsin-Ma kowa ya zo, kyauta zan kai ku!"

Ranar ta zo. Aka loda buhunan gyaɗa har suka wuce katako, mutane suka hau kan buhuna, wasu da awaki, wasu da ƙoren nono. Aka fito da mahaifiyarsa Dada, tsohuwar da ba ta taɓa shiga mota ba, aka ce ta zauna gaba. Ta dafa ƙofa ta tsaya, ta dube shi.

"An ce sai hukuma ta duba irin wannan abu. Ta duba?"

Ya fiddo takarda ya nuna mata, ita da ba ta karatun boko. "Wallahi tallahi, Inna, ta duba. Shiga kawai."

Kun ji? Ya rantse da Allah a kan ƙarya, a gaban uwar da ta haife shi!

Mota ta tashi. Ana kiɗa a sama, ana waƙa, iska tana kaɗa riguna. Suka wuce masu jakuna, ya leƙo yana yi musu dariya. Yana ta cewa, "Manu, ba ta wuta! Ba ta wuta!"

Sai suka iso wani gangare mai sauka rafi, da 'yar ƙaramar gada a ƙasa. Nauyi ya turo motar. Manu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, babu komai. Ya sake takawa. Babu! Da gwanin direba ne, da ya san dabarar rage gudu da giyar mota, amma Manu ina ya sani? Ya saki sitiyari ya kama kansa. Waƙa ta koma salati. Motar ta daki bakin gada, ta yi sama, ta kifa cikin rafi, buhuna suka danne mutane.

Masu jakunan nan da ya yi wa dariya, su suka iso suna janye gawarwaki. Maƙwabtansa, abokan cinikinsa, mata da goyo. Manu an ciro shi ƙafa a niƙe. Dada kuwa ko shurawa ba ta yi ba.

Shi fa? Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Yana tsaye a bakin rafi yana kallo, ya kasa ko da kuka.

'Yan doka suka karɓi takardu, aka gane jabu ne. Dillali ya ɓace. Alƙali ya ɗaure mutumin nan, aka sayar da gonakinsa da gidansa aka ba magadan waɗanda suka mutu.

Da ya fito ya koma Kurfi, ba wanda ya zage shi. Da ma zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. In ya nufo majalisa sai hira ta mutu. Ya je ya durƙusa gaban Manu, wanda ke zaune a zaure da ƙafa ɗaya yana ɗinkin hula, ya ce, "Ka yafe min." Manu bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ƙafa na rasa, na yafe. Je ka nemi Inna ta yafe maka rantsuwar da ka yi mata."

Bai ƙara kwana a garin ba. Ba wanda ya san inda ƙasa ta rufe shi.

Ya 'yan uwa, kai mai mota, kai mahauci, kai mai sayar da magani, lasin da aka ce ka nema amanar rayukan mutane ce aka rataya maka a wuya. In ka sayi takarda ta bayan fage ka ruɗi hukuma, shin birki zai ruɗu? Shin Wanda yake ganinka a gindin bishiyar zai ruɗu? In an ce gyara, ka gyara. In an ce jira, ka jira, arzikinka ba mai ci maka shi.

Allah ka tsare hannayenmu daga ba da hanci, ka tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ka sa mu zo gabanka da jinin kowa. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.