Randa Ɗaya a Ƙofar Cocin Gidan Barau

Dalilin da ya sa randa ɗaya tak kuke gani a ƙofar cocinmu, da moɗa ɗaya, kuma babba da yaro kowa da hannu biyu yake ɗaukarta, ba don an rasa maginan tukwane a garin nan ba ne. Ku gyara zama ku ji.

A da can, babu coci ko ɗaya a duk ƙasar nan. Wani Fada, limamin coci, ya zo a kan keke ya sauka a Gidan Barau, kakanninku suka ba shi fili, ya kafa rumfar kara. Nan ake addu'a, nan ake raba magani. Cikin masu zuwa karɓa akwai wata mata, Tabawa, wadda kuturta ta cinye wa yatsu, danginta suka yi mata bukka a bayan gari. Ta daɗe tana shan magani, har Fada ya ce ciwon ya mutu, saura tabo. Amma mutane tabon suke gani.

Da aka tashi ginin ƙasa, maza na yin tubali, mata na ɗebo ruwa daga rafi. Tabawa ba ta iya ɗaga tulu, sai Dela, tsohuwa uwar Sarkin Noma Jatau, ta ɗora mata, ita kuma ta tallafe shi da dungun hannuwanta. Haka suka yi rani guda, har bango ya tashi.

Ranar buɗe coci ita ce ranar da za a yi wa Tabawa baftisma. Ana gobe, Sarkin Noma ya sami katikis Barnabas, malamin da ke taimaka wa Fada, ya ce masa in dai da moɗa guda za a sha ruwa da kuturwa, shi da gidansa ba za su taka cocin ba. Rabin gari kuwa bayansa suke bi. Katikis ya ji tsoron kada jama'a su watse tun ba su haɗu ba, sai ya ajiye babbar randa a ƙofa, ya kai wata ƙarama can gindin ɗorawa.

Da safe Tabawa ta zo cikin farin zane. Rana ta ɗaga, ƙishirwa ta kama ta, ta nufi ƙofa. Katikis ya tare ta, kansa a ƙasa, ya nuna mata gindin ɗorawa. Ta gane cewa wanda randarsa take waje, mazauninsa ma a waje yake. Ta je ta ɗebi ruwa, ta ƙudurta a ranta tana gama sha za ta koma bukkarta, baftismar ta haƙura.

Tana kai moɗa baki, sai ga Dela da sandarta.

"Ƙanwata, rage mini."

"Iya, wannan tawa ce. Taku tana can."

"Na gani. Miƙo."

Dela ta karɓa da hannu biyu, yadda Tabawa take riƙewa, ta shanye a gaban jama'a. Sarkin Noma ya taso yana cewa, "Inna, me kika yi haka?"

Ta dube shi ta ce, "Jatau, bangon nan da za ka jingina da shi, da ruwan wa aka kwaɓa? In ƙyama kake yi, fara rushe shi tukuna."

Ta ɗaga sanda ta fasa ƙaramar randar, ruwa ya malale. Sannan ta kama Tabawa, ta kai ta ƙofa, ta tsoma moɗar nan a babbar randa, ta miƙa wa ɗanta. Wasu suka juya suka tafi gida, har suka mutu ba su dawo ba. Jatau ya daɗe a tsaye. Daga baya ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sha.

Ranar aka yi wa Tabawa baftisma da sunan Marta, da ruwan randar nan.

An rushe ginin ƙasa an yi na siminti. Daga cocin nan aka haifi makaranta, da asibiti, da majami'un ƙauyuka da yawa. Randuna sun fashe an sake, amma ba a taɓa jera biyu ba. Shi ya sa har yau, in kun zo sha a ƙofar coci, nake ce muku ku sa hannu biyu. Marta ba ta da yatsun da za ta riƙe da ɗaya.