Ganyen Izinin Alƙali Kunkuru

An yi wata Bushiya a dajin Tudun Kanya, mai son a bar ta da sirrinta. Ko gaisuwa ka tsawaita mata, sai ta dunƙule ta bar ka da ƙaya. Maƙwabcinta Hankaka shi ne sarkin tsaron dajin, kuma ba ya iya ganin ƙofa a rufe bai leƙa ba. Alƙalinsu kuwa Kunkuru ne, tsoho mai nawa, wanda kafin ya gama gyaran murya an je tafki an sha ruwa an dawo.

Ana nan sai ƙwan Zabuwa ya fara ɓacewa. Yau biyu, gobe uku. Aka tsinci saɓar maciji a bakin tafki, doguwa, irin ta Gamsheƙa. Hankalin kowa ya tashi, domin ba wanda ya san ramin da ya ɓuya.

Hankaka ya hau reshe ya yi shela: "Daga yau babu rami, babu sheƙa, babu kogon da ba zan leƙa ba! Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai dame shi?"

Haka ya dinga bi gida-gida babu sallama. Maciji dai bai gani ba, amma ya ga labarai. Kullum da hantsi sai ya sauka bakin tafki ya zazzage su. A bakinsa aka ji cewa Kurege, mai kukan yunwa, yana da gyaɗa cike da rumbu. A bakinsa aka ji cewa Gafiya da mijinta sun yi sati ba sa magana.

Ranar da ya zura kai ramin Bushiya, sai ya tarar tana shafa man kaɗanya a gadon bayanta. Ashe ƙayoyinta sun zube a wurin, ya yi sumul. Ta daɗe tana rufe shi da busasshen ganye in za ta fita.

"Fita min daga ɗaki!" ta yi ihu.

Ai kuwa ya fita, amma bai zame ko'ina ba sai tafki. "Jama'a, ku zo ku ji! Inna Bushiya ta yi sanƙo a baya!"

Tana daga cikin rami tana jiyo dariya. Kwana uku ba ta fita ba don kunya. A rana ta huɗu ta toshe ƙofarta da sarƙaƙiya, ta ɗora ganyenta a baya, ta nufi gindin tsamiya inda Kunkuru yake shari'a. Ta tarar da Zabuwa ta riga ta, tana kuka, ƙwai biyu kacal suka rage mata.

"Allah ya gafarta Malam, ƙarar Hankaka na kawo," in ji Bushiya. "Ina so a hana kowa shiga ramin kowa, har abada."

"Ka ji ko, Malam?" Hankaka ya katse ta. "So take macijin ya cinye mu ɗaya bayan ɗaya!"

"Kai da ka leƙa rami arba'in, macizai nawa ka kama?"

"Ina kan bincike!"

"Kana kan gulma dai!"

Kunkuru ya ja wuya cikin ƙoƙonsa, har aka ɗauka barci ya yi. Can ya fito da kai.

"Hankaka, tsaro aka ba ka, ba a ba ka ɗakunan mutane ba. Abin da ka yi wa Bushiya zalunci ne." Bushiya ta fara murmushi. "Ke kuma, in aka rufe kowane rami har abada, to, Gamsheƙa ya samu gidan zama, kuma Zabuwa ce za ta biya da 'ya'yanta." Murmushin ya koma.

Sannan ya yanke hukunci. Ba za a shiga ramin kowa ba sai an ga alama a ƙofarsa. Ko an gani, sai alƙali ya ciji ganyen kalgo ya bayar, shi ne izini. Tunku ne zai shiga, tunda shi ya san kan maciji. Mai gida zai zaɓi shaida ɗaya. Kuma duk abin da aka gani a ciki wanda ba maciji ba, a bar shi a ciki.

"Wannan ai ɓata lokaci ne!" in ji Hankaka. "Kafin tsoho ya ciji ganye, maciji ya yi jikoki."

Washegari aka wayi gari an yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Sai ga sawun jan cikin maciji ɓaro-ɓaro, daga tafki har ƙofar Bushiya. Da ta ga Tunku tsaye da ganye a baki, sai ta dunƙule.

"Ba na so. An riga an ci mutuncina sau ɗaya."

"Inna," in ji Zabuwa a hankali, "biyu suka rage min."

Bushiya ta leƙo ta dubi Zabuwa. Ta tuna cewa raminta yana da wani lungu can ƙurya da ta daɗe ba ta leƙa ba. In fa yana nan? Ta warware, ta janye sarƙaƙiyar da kanta, ta ce Zabuwa ce shaidarta.

Tunku ya shiga, Zabuwa ta tsaya a bakin rami tana kallo. Jim kaɗan ya fito yana kaɗe ƙasa.

"Babu maciji."

"Sai me kuma ka gani?" Hankaka ya matso, idanunsa na ƙyalli.

"Maciji aka aike ni nema."

Bushiya ta ji wani sanyi a ranta. Kaskon man kaɗanyarta yana nan a tsakar ɗaki, Tunku ma sai da ya tsallake shi, amma ko kallonta bai yi ba.

Aka sake duba ƙasa. Ashe sawun bai tsaya nan ba. Ya zagaya bayan ramin, ya ratsa ciyawa, ya miƙe har gindin kuka, ya shige wani kogo. A wannan kogon Hankaka yake ajiye kayansa, kuma duk dajin shi kaɗai ne ba a taɓa bincikawa ba.

"Kai, ku dakata!" in ji Hankaka. "Nan ai ɗakina ne. Ni ne fa sarkin tsaro!"

"Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai dame shi?" in ji Kurege daga baya.

"Ina izini? Doka ta ce sai da izini!"

Kunkuru, wanda sai lokacin ya iso, ya miƙa ganye. "Tun a hanya na cije shi. Zaɓi shaidarka."

Hankaka ya dubi Kurege, ya dubi Gafiya. Kowa ya matso gaba yana lasar baki. Ya duba ya sake dubawa, bai ga mai riƙe magana ba sai guda ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Inna Bushiya... don Allah."

"Ni mai sanƙo?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

Ta bi Tunku suka shiga. Can ƙurya, bayan tarin tsummoki, ga Gamsheƙa naɗe, cikinsa ya yi tulu da ƙwai. Tunku ya yi kansa. Aka yi ta kokawa, ƙura ta tashi, har macijin ya sulale ta wata kafa ya yi gabas, Tunku na biye da shi sai da ya tsallakar da shi rafi.

A cikin kokawar aka ture wani ƙoƙo. Bushiya ta duba, sai ta ga farar ƙasa ce kwaɓaɓɓiya, da ɗan tsumman shafawa. Ashe farin ƙirjin nan da Hankaka yake taƙama da shi ya daɗe da dafewa, kullum sai ya yi masa shafe kafin ya fita! Dariya ta taso mata har wuya. Ta haɗiye ta da ƙyar.

Da ta fito, jama'a suka yi mata caa. "Inna, me kika gani? Faɗa mana!"

Hankaka ya rufe ido yana jira.

"Maciji," in ji Bushiya.

"Sai me?"

"Dogo ne."

A ranar Kunkuru ya sauke Hankaka daga sarautar tsaro, tunda ɓarawon da yake nema a ɗakunan mutane a nasa ɗakin yake kwana. Ƙwan Zabuwa biyu suka ƙyanƙyashe lafiya. Bushiya ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani ba. Sai dai duk ranar da hadari ya haɗo, takan ɗaga kai ta ce, "Maƙwabci, ka shiga daga ciki, kada ruwa ya taɓa ka." Shi kuma sai ya shige sum-sum.

Darasin wannan labari shi ne, ɗakin kowa yana da alfarma, ran jama'a ma yana da tasa. Doka mai adalci ba ta barin mai tsaro ya shiga inda ya ga dama, ba ta kuma barin mai gida ya rufe ƙofa alhali maƙwabta suna cikin haɗari. Takan buɗe ƙofa ne da dalili, da izini, da shaida, ta ɗauki abin da ta zo nema ta bar saura. Kuma mai raina irin wannan doka yau, yana iya wayar gari ita kaɗai ce za ta rufa masa asiri.