Gumbar da Jarmai Bai Sha Ba

A can zamanin da, tun giwaye na kiwo a gindin ganuwa, an yi wata maharbiya a ƙasar Tsaunin Gwanki, sunanta Shekara. An ce namun dawa da kansu suke miƙa wa kibiyarta wuya. Duk yaƙin da aka fita, ita ke bin dakaru da guzuri, gumba da busasshen nama. Shekara uwar sansani, kowa ya ci naki, ba a ga naki bakin ya motsa ba!

Wata bazara mahara suka taso, aka tura Jarmai Bagudu, mijin 'yarta, ya tsare mashigin kogi. Zama ya yi tsawo, guzuri ya ƙare. Mazaje suka koma tauna fatar garkuwa, suna ɗaure ciki da rawani, ba wanda ya ce wash.

Shekara ta ratso daji da takarkarai, ƙishi ya kashe mata rabi a hanya. Da hantsi ta iso, ta tarar da mazaje kamar karan dawa, hankalinta ya tashi. Ta dama gumba, ta dire gaban Jarmai, ta tsaya a kansa sai ta ga ya sha.

Jarmai ya durƙusa, kai a ƙasa. "Inna, sannu da hanya. Ai a ƙoshe muke."

"A ƙoshe? Da wannan haƙarƙarin? Ku sha, don Allah!"

To, wane namiji ne zai kafa baki a ƙwarya gaban surukarsa? Dakaru kuwa ba sa taɓa abinci sai Jarmai ya fara. Ita tausayi ya mantar da ita ko wace ce a wurinsa, yunwarsa kawai take gani. Tana roƙo yana godiya, mazaje na haɗiyar yawu, har rana ta take tsaka.

Da ta farga, ta zaga bayan dutse don ta ba shi wuri. Daidai nan gangar mahara ta tashi.

Jarmai da dakarunsa suka miƙe da ciki wayam, wasu ko baka ba su iya ja ba. Ba wanda ya gudu, ba kuma wanda ya tsira. Dawakin mahara suka bi ta kan ƙoren gumbar.

Shekara ta binne Jarmai da mazajensa, ta kafa bukka a wurin, don ba ta san da wane ido za ta dubi 'yarta ba. Bukkar nan ce ta zama garin Mashigin Shekara. Har yau a garin, macen da ta kai wa maza abinci gona, a gindin itace take ajiyewa, ta juya da sauri, ko sannu ba ta tsayawa yi.