Kurege da Ƙofar Rumbun Iri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku ajiye wayoyin nan, ba na son maimaici.

Wata shekara namun daji suka tara irin shukarsu a rumbu ɗaya. Sarki Zaki ya ce a sa wa ƙofar kwamfuta, kada ta buɗe sai da izininsa. Wa zai rubuta manhajar? Kurege, don kansa na ja. Wai a ba kura ajiyar nama!

Kurege ya rubuta, ya rubuta. Can tsakiya ya cusa wani layi: ranar da ruwan fari ya taɓa rufi, 'yar ƙofar ƙasa ta buɗe. Raminsa kuwa yana ƙarƙashin rumbun.

Zaki ya ce, "Sai an duba aikin nan. Ga Hawainiya, ita karanta rubutu take yi layi-layi, ba ta kunna komai. Ga Kwaɗo, shi kunnawa yake yi ya ga abin da zai faru. Wa za a kira?"

Kurege ya yi lissafi. Mai karatu zai ci karo da layinsa. Mai kunnawa kuwa, ana tsakiyar rani, ina zai ga ruwa?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Hawainiya sai ta shekara tana karatu. Ko ɗigo ya karkace sai ta tara mana jama'a. A kira Kwaɗo, ai gani ya kori ji."

Hawainiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar mu mu biyu mana. Abin da ya ɓuya masa ni zan gani."

Kurege ya ce, "Kin ji ki! Aiki ɗaya, ma'aikata biyu?"

Zaki ya bi ta Kurege. Kwaɗo ya kunna, ƙofa ta buɗe. Ya kashe, ta rufe. Kwana bakwai yana yi. Bawan Allah, da zuciya ɗaya ya ce, "Lafiya lau."

Ran nan hadari ya haɗo. Ɗigon fari ya taɓa rufi, 'yar ƙofa ta buɗe, gero ya fara zuba. Kurege ya yi rawa, ya ce, "Ya isa haka." Gero bai ji ba. Ashe gogan ya rubuta buɗe, ya manta rufe, kuskuren da Hawainiya za ta gani tun karatun farko. Gero na zuba, ruwa na bi, rami ya cika. Da ƙyar ya fito ta baya, wutsiya duk laka.

Da aka tono, iri ya jiƙe ya ruɓe. Ƙasa ta yi laushi, kowa da fartanya, babu abin shukawa. Ni wannan wurin ne ke sa ni baƙin ciki.

Zaki ya yi ruri. "Kurege!"

"Ranka ya daɗe, ni da gidana ya rushe? Wa ya ce lafiya lau?"

Duk aka juya kan Kwaɗo. Hawainiya ta ce a ba ta rubutun ta karanta, aka ce yunwa ake ji, ba karatu ba. Aka kori Kwaɗo zuwa kududdufi. Shi ya sa har yau, da ruwa ya sauka, za ku ji shi yana kuka: "Ban gani ba! Ban gani ba!"

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In za ku yi ta'adi, ku fara neman wanda zai ce lafiya lau.